Me Ya Sa Faifan The Dark Side of the Moon Ya Ƙi Tsufa?

A watan Maris na 1973 wasu mawaƙa huɗu 'yan Ingila suka fitar da faifai mai tsawon minti 43. Yau ya haura shekara 50, ɗaya daga cikin mawaƙan ya rasu, biyu kuma ba sa ga maciji da juna, amma har gobe ana sayensa, kuma yaran da ba a haifi iyayensu ba lokacin da ya fito suna yawo da rigar da ke ɗauke da hoton bangonsa. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wane faifai ne wannan, kuma su wa suka yi shi?

Na ƙungiyar Pink Floyd ne, wadda aka kafa a Landan a 1965. A lokacin yin faifan su huɗu ne: Roger Waters mai jitar bas, wanda ya rubuta dukkan baitocin, David Gilmour mai jita, wanda ya rera mafi yawan waƙoƙin, Richard Wright mai fiyano da ogan, sai Nick Mason a kan ganguna. Sun ɗauki sautin a situdiyon Abbey Road daga tsakiyar 1972 zuwa farkon 1973, injiniyan sautin kuwa wani matashi ne, Alan Parsons. Waƙoƙi goma ne, biyar a kowace fuskar faifai.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, sun shafe fiye da shekara guda suna kaɗa waɗannan waƙoƙi a gaban jama'a kafin faifan ya fito. Sun fara gwada su a garin Brighton a watan Janairun 1972. Ke nan kafin su gama aiki a situdiyo sun riga sun ga inda jama'a ke natsuwa da inda suke ƙosawa, sun rage, sun ƙara, sun zubar da abin da bai zauna ba.

Ana sa faifan cikin salon kiɗan da ake kira progressive rock. Mene ne shi?

Salo ne da ya bunƙasa a Birtaniya daga ƙarshen shekarun 1960, a hannun ƙungiyoyi irin su King Crimson da Yes da Genesis da Jethro Tull. Masu wannan salo sun ƙi yarda cewa dole waƙa ta tsaya a minti uku don a samu sa ta a rediyo. Sukan ɗebo daga kiɗan jaz da tsohon kiɗan Turai, su ja waƙa guda ta cinye fuskar faifai sukutum, su kuma ɗora faifai gaba ɗaya a kan jigo ɗaya. Su kansu Pink Floyd sun yi haka a 1971 da waƙar "Echoes" mai minti 23.

A wannan faifan sai suka ja linzami. Waƙa mafi tsawo a ciki ba ta kai minti takwas ba. Sun riƙe jigo ɗaya, sun haɗa bakin waƙoƙin ta yadda ba a jin inda wata ta ƙare wata ta fara, amma sun yar da nuna gwaninta don a yaba. A ganina nan ne suka sha gaban takwarorinsu.

To me waƙoƙin ke faɗi da har suka kama zukata haka?

Wannan ita ce babbar tambayar. Waters ya kawo shawarar su yi faifai a kan abubuwan da ke matsa wa ɗan Adam har su kai shi ga zaucewa, kuma a faɗe su ƙarara, ba tare da lulluɓi ba. Kafin nan baitocin ƙungiyar sun fi karkata ga sararin samaniya da mafarke-mafarke. A nan suka sauko ƙasa.

Faifan yana buɗewa da bugun zuciya, wato haihuwa. "Breathe" tana magana da wanda ya shigo duniya, tana gargaɗinsa kada ya ƙare rayuwarsa a haƙar rami bayan rami. "On the Run" ba ta da baiti, gudu ne da haki da sanarwar filin jirgin sama, tsoron tafiye-tafiye ne na mutanen da kullum suna cikin jirgi. Sai "Time", wadda mutane da dama ke cewa ita ce ta fara girgiza su. Tana ba da labarin matashin da ke kashe ranakunsa a garinsu yana jiran wani ya nuna masa hanya, har wata rana ya waiga ya ga shekara goma sun wuce, ba wanda ya gaya masa an fara tseren. Waters bai cika shekara 30 ba lokacin da ya rubuta ta. Ya sha faɗin cewa a wannan shekarun ne ya farga cewa abin da yake ɗauka shiri ne na rayuwa, ashe ita ce rayuwar. Ɗan shekara 18 yana jin waƙar a matsayin gargaɗi, ɗan shekara 50 yana jin ta a matsayin labarinsa. Faifan da zai iya yi wa mutum ɗaya magana iri biyu a zango biyu na rayuwarsa, da wuya ya mutu.

Fuska ta farko tana rufewa da mutuwa, a "The Great Gig in the Sky". Ta biyu tana buɗewa da kwaɗayin dukiya a "Money", sai "Us and Them", waƙar yaƙi da rarrabuwar kai, inda janar ke zaune a baya yana matsa layuka a kan taswira, ƙananan sojoji suna faɗuwa a gaba. Wannan ba a littafi Waters ya karanto shi ba. Mahaifinsa soja ne, an kashe shi a Italiya a 1944, a faɗan Anzio na Yaƙin Duniya na Biyu, shi kuwa yana jariri ɗan wata biyar. Karin waƙar na Wright ne. Ya fara tsara shi ne don wani fim na darakta Michelangelo Antonioni, daraktan ya ƙi shi, aka ajiye sai da ranarsa ta zo.

Lokaci, kuɗi, yaƙi, mutuwa, taɓin hankali. Babu ɗaya a cikinsu da aka daina yayi.

Batun taɓin hankali daga ina ya shigo?

Daga gida. Wanda ya jagoranci ƙungiyar a farkonta shi ne Syd Barrett, mai jita kuma mai rubuta waƙoƙi, abokin Waters tun suna yara a Cambridge. Shan ƙwayar LSD da matsin ɗaukaka suka haɗu da rashin lafiyar ƙwaƙwalwa, har ya kai ga tsayawa a kan dandamali yana kallon iska, jita a wuya ba ya kaɗawa. A 1968 suka rabu da shi, Gilmour ya maye gurbinsa. Barrett ya koma Cambridge ya killace kansa har rasuwarsa a 2006. Waƙar "Brain Damage" inuwarsa ce, kuma mai rera ta bai tsaya daga nesa yana nuna mahaukaci da yatsa ba. Cewa yake yi abin yana cikin kansa shi ma. Wannan tausayin ne ya hana faifan zama wa'azi mai ɗaci.

Yaya aka yi suka haɗa ƙarar agogo da ta kuɗi alhali babu kwamfuta?

Da hannu, da reza, da zaren ɗaukar sauti. Ɗauki farkon "Money". Waters ya shiga wani ɗan ɗaki a bayan gidansa, ya riƙa watsa sulalla cikin babban kwanon da matarsa ke kwaɓa yumɓu, yana ɗaukar sautin. Aka haɗa da ƙarar injin karɓar kuɗi na kanti da ta yaga takarda. Aka yanka zaren gida bakwai masu tsawo ɗaya, aka manna su, aka haɗa bakin farko da na ƙarshe ya zama zobe. Zoben ya yi wa injin tsawo, sai aka zagaya da shi ta jikin sandar makirfo yana ta juyawa. Gida bakwai ɗin ba kara-zube ba ne: yawancin waƙoƙin rock bugu huɗu ake ƙirgawa a koma, ita kuwa "Money" bakwai ake ƙirgawa. Gwada tafawa ka gani, za ka ji kamar ƙafa ɗaya tana ɗingishi. Idan Gilmour ya shigo da jitarsa a tsakiya sai a koma bugu huɗu, waƙar ta miƙe ta yi gudu, daga baya ta dawo bakwai.

Agogunan da ke ɓarkewa a farkon "Time" kuwa, Parsons ne ya je wani kantin tsofaffin kaya ya ɗauki ƙarar kowanne shi kaɗai, sannan aka daidaita su a situdiyo suka buga tare. Injin da suka yi aiki da shi layin sauti 16 kawai yake iya ɗauka daban-daban. A ranar tace sauti, kowa sai ya sa hannu a kan maɓallan teburin, wannan ya ɗaga, wancan ya sauke, a daidai daƙiƙar da aka tsara. Kuskure ɗaya, a sake daga fari.

Muryoyin mutanen da ake ji suna magana a ƙarƙashin kiɗan, su waye?

Ma'aikatan ƙungiyar ne da na situdiyon. Waters ya rubuta tambayoyi a kan katuna, ana shigo da mutum a zaunar da shi gaban makirfo yana ɗaga kati yana amsawa. Ana farawa da masu sauƙi, kamar wane launi ka fi so, sannan a gangara: yaushe rabonka da dukan wani? Kai ne mai gaskiya? Kana tsoron mutuwa? An ɗauki amsoshin Paul McCartney, tsohon mawaƙin ƙungiyar Beatles, wanda ke aiki a Abbey Road a lokacin, amma ba a sa su ba, domin ya tsaya neman ba da dariya. Wanda muryarsa ta zauna daram shi ne mai gadin ƙofar situdiyon, Gerry O'Driscoll, mutumin Ailan. Shi ne ake ji yana cewa ba ya tsoron mutuwa, ta zo duk lokacin da ta ga dama. Ina ganin wannan zaɓi ya faɗi komai game da faifan: an ajiye tauraron da duniya ta sani, an ɗauki mai gadi, saboda shi ne ya faɗi abin da ke ransa.

Wace ce matar da ke kuka a "The Great Gig in the Sky"?

Clare Torry, 'yar shekara 25 a lokacin, mawaƙiyar haya da ake kira situdiyo idan ana buƙatar murya. Parsons ne ya kawo sunanta. Ta zo ranar Lahadi a watan Janairun 1973, aka kunna mata fiyanon Wright, aka ce ta rera amma ban da kalmomi. Ta ɗauki muryarta tamkar kayan kiɗa, ta saki abin da ya zo mata: ihu, kuka, roƙo, har zuwa saduda. Aka biya ta fam 30 ta tafi, tana zaton ba za a yi amfani da shi ba. A 2004 ta kai ƙara kotu tana neman a amince cewa ita ma ta ƙirƙiri waƙar, aka sasanta a 2005, kuma tun daga nan sunanta yake tare da na Wright. Ta cancanta. Wanda bai jin ko kalmar Turanci guda zai fahimci waɗannan mintocin sarai.

Da gaske ne ya shafe shekaru a jerin faya-fayan da aka fi saye?

Da gaske ne. A jadawalin Billboard na Amurka mako ɗaya tak ya yi a matsayi na ɗaya, amma ya zauna a cikin jadawalin makonni sama da 700 tsakanin 1973 da 1988. A Birtaniya ma bai taɓa kaiwa na ɗaya ba, a na biyu ya tsaya. An ƙiyasta an sayar da fiye da miliyan 45 a duniya. Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin sautukan da yake adanawa don tarihi. Tsabtar sautinsa ma ta taimaka, domin shekara da shekaru masu sayen sabuwar lasifika da shi suke gwada ta.

Hoton bangon fa?

Aikin kamfanin zane na Hipgnosis ne, na Storm Thorgerson da Aubrey Powell, George Hardie kuma ya zana. Baƙin fili, gilashi mai kusurwa uku, farin haske ya shiga ya fito launuka shida. Ba sunan ƙungiya, ba fuskar kowa. Da an sa hoton samari huɗu da gashi da wandunan 1973, da tuni ya nuna shekarunsa.

Ba shi da masu suka ne?

Yana da su. 'Yan salon punk, kiɗan rock mai zafi da bore, da suka taso a 1976 sun ɗauki Pink Floyd a matsayin attajiran da suka yi nisa da talaka, har Johnny Rotten, mawaƙin ƙungiyar Sex Pistols, ya riƙa sa rigar Pink Floyd da ya rubuta wa kalmar ƙiyayya a kai. Wasu na cewa baitocin sun cika sauƙi, kamar na ɗan sakandare. Wasu kuma na nuna cewa waƙar da ke zagin kuɗi ita ce ta mayar da su masu kuɗi, kuɗin kuma ya taimaka wajen raba kansu har Waters ya fice a 1985. Wannan na ƙarshe gaskiya ne, su ma ba su musa ba. Zargin sauƙin baiti kuwa ban karɓe shi ba. Faɗin magana mai nauyi da kalmomin da kowa ke ganewa ya fi ɓoye ta a cikin habaici wahala. Inda na yarda da masu suka shi ne "Any Colour You Like": kiɗa ne mai daɗi, amma gada ce kawai tsakanin manyan waƙoƙi biyu.

Wanda bai taɓa ji ba, ta ina zai fara?

Daga farko, kuma a jere. Kada ka bar manhajar waya ta cakuɗa maka waƙoƙin, domin bakin kowace a ɗinke yake da na mai bi mata, idan aka yanke sai ka ji an tsaya a tsakiyar magana. Ka sa abin sauraro a kunnuwa biyu, don akwai takun sawu da muryoyi da ke tsallakawa daga hagu zuwa dama. Akwai wasu fitowar da suka biyo baya: ƙungiyar Easy Star All-Stars ta mayar da shi kiɗan rege a 2003, Waters kuma ya sake ɗaukarsa shi kaɗai a 2023, yana ɗan shekara 80, da murya ƙasa-ƙasa, ba jitar Gilmour. Waɗannan za su jira. Na 1973 za ka nema, ka ware masa minti 43 ɗinsa cif.