Diyyar mutuwa a haɗarin aiki a Nijar

Diyyar mutuwa a haɗarin aiki ita ce kuɗin da doka ta tanadar wa iyalin ma'aikacin da ya rasu a bakin aikinsa, ko a kan hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki. A Nijar, Asusun Ƙasa na Kula da Jin Daɗin Ma'aikata, wato CNSS, shi ke biyan ta. An kafa asusun a 1965, hedikwatarsa tana Yamai, yana kuma da reshe a Tawa. Ma'aikatan gwamnati suna da nasu tsarin daban.

Ko da yake a bakin mutane sunanta diyya, ba ita ce diyyar da malamai ke karantarwa ba, kuma daga wannan ruɗani ne yawancin rigimar dangi ke tasowa.

Tsarin doka

Mai aiki, wanda ake ce wa patoro, shi kaɗai ke zuba kuɗin wannan fanni a asusun, ba a cire ko dala daga albashin ma'aikaci dominsa. Idan haɗari ya auku, wajibi ne ya sanar da CNSS da sufeton ƙwadago cikin awa 48. In ya yi shiru, magada suna iya kai rahoton da kansu. Daga nan sai a yi bincike a tabbatar cewa aikin ne sanadin mutuwar.

Abin da ake biya fansho ne da ake lissafawa a kan albashin mamacin na shekara. Matarsa tana samun kashi 30 cikin ɗari. In mata biyu ne ko uku, wannan kashi 30 ɗin suke rabawa daidai. Ƴaƴa biyu na farko kowanne yana da kashi 15, kowane na bayansu kashi 10, wanda kuma ba uwa ba uba kashi 20. Iyayen da mamacin ke ɗauke da nauyinsu suna samun kashi 10 kowanne. Jimillar duka ba ta wuce kashi 85, saboda haka a gida mai yara da yawa sai an rage wa kowa nasa. Akwai kuma ɗan abin da ake bayarwa na jana'iza.

Bambancinta da diyya da gado

A fiƙihun Malikiyya, wanda shi ake bi a Nijar, diyyar kisan kuskure raƙuma 100 ce ko dinari 1000, dangin wanda ya yi kisan ne ke haɗa ta, kuma ana raba ta kamar gado. Asalinta aya ta 92 a Suratun Nisa'i. Fanshon CNSS kuwa ba ya neman wanda ya yi laifi, ko da ma'aikacin ne ya zame da kansa daga saman gini. Ba ya shiga rabon gado, ɗiya mace da ɗa namiji rabonsu ɗaya ne, ƙanin mamaci ko wansa kuma ba su da komai a ciki. Gado shi ne abin da mamacin ya bari, har da sauran albashin da ba a biya shi ba.

Inda aka fi tuntuɓe

Takardu. Ana neman takardar mutuwa, da ta likita, da ta aure, da ta haihuwar kowane yaro. A ƙauyukan Adar, wato yankin Tawa, aure da yawa a masallaci ko ƙofar gida aka ɗaura shi, ba wanda ya je ofishin magajin gari. Sai bayan rasuwa a shiga neman hukuncin alƙali da shaidu don maye gurbin takardar da ba a yi ba. Ga shi kuma Musulmi ba sa jinkirta gawa, sau da yawa an rufe mutum kafin likita ya rubuta sanadin mutuwarsa.

Matar kuwa tana takaba wata huɗu da kwana goma, daidai lokacin da ya kamata a yi ta zirga-zirga. Ƴan'uwan miji ne ke karɓar takardun. Wasu su riƙe amana, wasu su mayar da fanshon marayu kuɗin gida.

Sai maganar yafewa. A wurin zaman makoki akan ji dattijo ya ce kwana ne ya ƙare, su ba sa cin kuɗin jini. Patoro ya kawo buhun shinkafa da ƴan jikkuna na sadaka, a yi fatiha, magana ta mutu. Sai dai abin da ke CNSS kuɗi ne da aka riga aka zuba tun mutumin yana raye, kuma dattijon ba shi da hurumin yafe haƙƙin maraya.

Waɗanda tsarin bai kai gare su ba

Ma'aikacin masana'antar siminti ta Malbaza ko direban babban kamfani yakan kasance da lambar CNSS. Amma mafi yawan masu aikin ƙarfi a Tawa ba su da ita: magina, leburori, masu haƙar rijiya, yaran mota, ƴan kabu-kabu. Haka masu haƙar zinariya, kamar mutum 18 da rami ya rufta da su a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi a Nuwamban 2021. Ƴan ci-rani da suka rasu a Abijan ko Libiya kuma dokar can ce ke kansu.

Idan akwai mai aiki amma bai yi wa ma'aikacinsa rajista ba, laifin nasa ne, haƙƙin iyali bai faɗi ba. Ana fara kai kuka wurin sufeton ƙwadago don sulhu, in ya gagara a wuce kotun ƙwadago. In kuwa mota ce ta yi sanadi, ana iya bin kamfanin inshorarta bisa dokar inshora ta CIMA da Nijar ke aiki da ita tare da wasu ƙasashen Afirka.