Waiwaye: Harry Hess da Buɗewar Ƙasan Teku

Tun a 1912 Bajamushen nan Alfred Wegener ya ce nahiyoyi suna motsi, kuma Afirka da Kudancin Amurka a haɗe suke a da. Masana suka yi masa ca: wane ƙarfi ne zai tura nahiya sukutum? Har ya rasu a 1930 bai kawo gamsasshiyar amsa ba.

Amsar ta fito daga Harry Hess, Ba'amurke haifaffen New York a 1906, malamin kimiyyar duwatsu a Jami'ar Princeton. A Yaƙin Duniya na Biyu shi ne kwamandan jirgin soja mai suna Cape Johnson a tekun Fasifik. Jirgin na da na'urar auna zurfi da amon sauti, sai ya bar ta a kunne dare da rana, ana jigilar sojoji shi kuma yana zana taswirar ƙarƙashin ruwa. A haka ya gano duwatsu masu shafaffen kai a can ƙasa, ya raɗa musu sunan Arnold Guyot, tsohon malamin Princeton.

A 1962 ya wallafa bayaninsa. Ya ce narkakken dutse na ɓullowa daga tsagar da ke tsakiyar tsaunukan ƙarƙashin teku, ya daskare, ya ture tsohon ɓawon ƙasan teku hagu da dama, tsohon kuma ya nitse a ramuka masu zurfi. Zafin cikin ƙasa ke juya abin, kamar kunu a kan wuta. Ke nan nahiya ba ta keta teku, ɗaukar ta ake yi. Tekun Atlantika ma 'yan santimita kawai faɗinsa ke ƙaruwa a shekara.

Hujja ce ba ya da ita, shi ya sa da kansa ya kira aikin waƙe, kuma wannan gaskiyar tasa abin yabo ce. Wasu ne suka kawo hujjar. A 1963 Fred Vine da Drummond Matthews na Jami'ar Cambridge suka bayyana dalilin da ya sa zanen maganaɗisun da ke cikin duwatsun ƙasan teku ke zuwa iri ɗaya a ɓangarorin tsagar biyu. A 1968 jirgin haƙa na Glomar Challenger ya tabbatar cewa ana nisa da tsagar, shekarun dutsen na ƙaruwa.

Hess ya rasu ranar 25 ga Agusta, 1969, sakamakon bugun zuciya, yana jagorantar taron kimiyyar sararin samaniya a garin Woods Hole na Amurka.