Waiwaye: Yadda Matsala Ta Zama Malama a Ajin Turancin Kimiyya

Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, duk mai son zurfafa a ilimin haɗa sinadarai ko likitanci sai ya iya Jamusanci. Bayan yaƙi na biyu ne Turanci ya mamaye mujallun kimiyya, saboda ƙarfin jami'o'in Amurka da maƙudan kuɗin da aka zuba a bincike. Sai jami'o'i a ƙasashe da dama suka wayi gari da ɗalibai masu kaifin basira a lissafi da ilimin halittu, waɗanda da zarar an ajiye musu maƙala da Turanci sai su yi turus.

Maganin farko ƙirga ne. A 1962 C. L. Barber ya wallafa nazarin da ya lissafa irin jimloli da sigogin aikatau da suka fi yawa a rubutun kimiyya, a 1969 kuma Ewer da Latorre suka fitar da littafin darasi a kan wannan tunani bisa aikinsu a Chile. Ɗalibi ya haddace jimlar da ba a faɗin wanda ya yi aikin, irin su "an dumama ruwan" da "an auna nauyin". Ya ci jarrabawa, amma rubuta rahoton gwajin da ya yi da hannunsa ya gagare shi.

A shekarar 1969 ɗin nan, makarantar likitanci ta Jami'ar McMaster da ke Kanada ta juya tsarin karatu. Maimakon lacca, sai a tara ɗalibai kaɗan a ba su labarin mara lafiya tun kafin a koya musu komai. Su gano abin da ba su sani ba, su je su nemo, su dawo su tattauna, malami yana gefe yana jan hankali. Likita Howard Barrows na cikin waɗanda suka yayata wannan tsari na koyo ta hanyar warware matsala. A 1974 makarantar likitanci ta Maastricht a Holan ta ɗauke shi, daga baya ta shimfiɗa masa matakai 7.

Malaman harshe sun jima kafin su waigo. A nasu fagen, aikin masanin harshe John Swales na 1990 ya nuna cewa gabatarwar maƙala tana da manufa: marubuci ya kafa fage, ya nuna giɓin da aka bari, sannan ya cike shi. Wanda ba shi da giɓin cikewa kuwa, me zai rubuta?

Ga yadda ajin yake kasancewa. A ba rukuni alƙaluman wani tafki da kifayensa ke mutuwa: zafin ruwa, yawan iskar oksijin, takin da ke gangarowa daga gonaki. Dole su karanta maƙalu, su yi gardama, su rubuta rahoto. A nan ne ɗalibi ke jin bambancin "wannan ya tabbatar" da "wannan na iya nuna", domin abokinsa zai ce masa, "Ina hujjarka?"

Sai dai akwai gyara. A 2006 Kirschner, Sweller da Clark sun yi kashedi cewa sabon ɗalibi ba ya koyo da kyau in an rage masa jagora. A ajin harshe abin ya fi tsanani, don rukuni kan koma harshen gida da zarar gardama ta yi zafi, wanda ya fi iya Turanci ya rubuta rahoton shi kaɗai. A ganina, malamin da ya ba da matsala wajibi ne ya zauna da kowane ɗalibi a kan daftarinsa, jimla bayan jimla, kuma a raba maki tsakanin ingancin kimiyyar da ingancin rubutun.