Warin Rima a Ɗaki Lokacin Damina: Tambayoyi da Amsoshi

Daga watan Yuli zuwa Satumba, lokacin da ruwan sama ya kankama a Kaduna, gidaje da yawa sukan kama wani wari mai nauyi wanda mai gida kan saba da shi, amma baƙo yana ɗaga labule zai ji ya buge shi.

Tambaya: Me ke kawo wannan warin?

Amsa: Fumfuna ce da ƙwayoyin halitta masu kama da ita, waɗanda ke tsiro a duk inda laima ta daɗe. Ƙwayoyinta suna yawo a iska koyaushe, kuma ba sa bukatar komai sai danshi, da ɗumi, da abin da za su ci, kamar auduga, fata, katako, takarda, ko ƙurar da ta kwanta a bango. Garin Kaduna yana samun ruwan sama da ya haura milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa cikin 'yan watanni, don haka a watan Agusta iska kan cika da laima har wanki ya kwana biyu a igiya bai bushe ba. Idan laimar iskar ɗaki ta daɗe sama da kashi 70 cikin 100, fumfuna kan samu wurin zama. Shi ya sa warin kan lafa da kansa idan hunturu ya shigo a watan Nuwamba, sa'an nan ya dawo da faɗuwar damina.

Tambaya: Turaren wuta ba zai magance shi ba?

Amsa: Turaren wuta yana da muhimmanci a gidajenmu, kuma babu mai raina ɗakin da aka turara shi da kyau. Sai dai ƙamshinsa rufe warin yake yi na 'yan sa'o'i, alhali fumfunar tana nan a bayan wadirob tana ci gaba da yaɗuwa. A ganina wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, domin uwargida za ta yi ta kashe kuɗi a kan turare mai tsada, ita kuwa katifa tana jiƙe daga ƙasa. A fara busar da ɗakin, turare ya biyo baya. Haka kuma kada a bar kaskon garwashi a rufaffen ɗaki da niyyar korar danshi, musamman da dare, saboda gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari kuma tana iya kashe mai barci.

Tambaya: To, ta ina za a fara neman tushen danshin?

Amsa: A fara da sama. A duba silin ko akwai tabo mai ruwan ƙasa, wanda ke nuna kwano yana yoyo a wurin ƙusa ko a mahaɗarsa. Daga nan a zaga bayan gida lokacin da ake tsaka da ruwa, a ga inda indararo ke zuba, domin sau da yawa yana kwarara ne a gindin bango, ruwan ya taru, bulo ya sha. A duba kwata ko ta toshe. Idan fenti yana kumbura yana ɓarewa daga ƙasan bango zuwa kamar tsayin gwiwa ko ƙugu, har wani farin gari kamar kanwa yana fitowa, to rima ce ke tasowa daga ƙasa, abin da ya yawaita a gidajen da ke kwari da waɗanda ke kusa da Kogin Kaduna, da kuma ginin da ba a shimfiɗa masa ledar tare danshi ba lokacin aza harsashi. Sake fenti a kan irin wannan bango asarar kuɗi ce, don kafin damina ta gaba ta ƙare zai sake ɓarewa. Gyaransa aikin magini ne: a kankare filastar da ta lalace, a bar bangon ya sha iska, a yi daɓen siminti mai gangara a kewayen gidan yadda ruwa zai yi nesa da shi. Mai haya ya kamata ya nuna wa mai gida wurin tun da wuri.

Tambaya: Idan an ga fumfunar a bango ko a kaya, yaya za a wanke ta?

Amsa: A kan tayil, siminti da bangon banɗaki, a goge da ruwa da omo tukuna, sa'an nan a bi da ruwan bilic, kimanin kofi ɗaya a cikin lita huɗu na ruwa, tare da buɗe tagogi da sa safar hannu da rufe hanci. Ruwan khal (vinegar) ma yana aiki a kan katako da cikin durowa. Abin da ba a yi ko kusa shi ne haɗa bilic da ruwan khal ko da maganin wanke masai, domin haɗin yana tayar da iska mai ƙona huhu. Kada kuma a kakkaɓe busasshiyar fumfuna da tsintsiya a cikin ɗaki, saboda hakan watsa ta yake yi.

Tambaya: Tufafi da katifa da kafet fa?

Amsa: Rana ce babban maganinsu, kuma ko a Agusta akan samu hantsi mai zafi. A fitar da katifa, filo, darduma da takalman fata a shanya, a juya su. Shadda da atamfar da aka adana a akwati, irin kayan lefen da ba a ɗinka ba, a riƙa buɗe su ana shanyawa ko da sau ɗaya a wata. Kada a ninke kayan da ba su bushe sarai ba. Idan dole ta sa, a bi su da guga. Katifar da ke ƙasa a ɗaga ta a jingine kowace safiya. Kafet ko ledar ɗakin da ruwa ya shiga ƙarƙashinsu a ɗage su nan take, domin abin da ya wuce kwana biyu a jiƙe fumfuna ta riga ta kama shi, kuma kafet ɗin da ambaliya ta jiƙa da wuya ya gyaru. A janye wadirob da kujeru daga jikin bango kamar faɗin tafin hannu. Tagogi kuma a buɗe su da rana idan gari ya washe, a kunna fanka in akwai wuta, a rufe lokacin ruwa.

Tambaya: Kafur da ake sakawa cikin kaya yana da amfani?

Amsa: Yana korar ƙwari, amma ba ya busar da komai. Sannan yana da haɗari ga jarirai, domin a wasunsu yana farfasa jini ya haddasa ciwon shawara mai tsanani, don haka kada a sa shi cikin kayan jariri ko na mai jego. Gawayin da ba a kunna ba, a ƙulle shi a tsumma a ajiye a kusurwar durowa, yana rage wari kaɗan ba tare da cutar da kowa ba.

Tambaya: Warin yana da illa ga lafiya?

Amsa: Yana da ita. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan danshi da fumfuna a cikin gidaje, inda ta danganta zama a irin wannan ɗaki da yawan tari, toshewar hanci da tashin asma. Idan yaro yana tari ko numfashinsa yana fita da ƙara duk dare a ɗaki ɗaya, amma ya samu sauƙi in ya kwana a wani wuri, a sauya masa makwanci, a kai shi asibiti, a kuma gaya wa likita halin da ɗakin yake ciki.