Waiwaye: Yadda Waya Ta Cinye Daren Yaranmu

Ranar 10 ga Disamba, 2025, wata doka ta fara aiki a Ostareliya wadda ta hana duk yaron da bai kai shekara 16 ba mallakar shafi a TikTok, Instagram, Snapchat, Facebook da ire-irensu. Idan aka karya dokar, kamfanin za a ci tara, ba ruwan yaro ko iyayensa. Shekara talatin kafin nan kuwa, maganar jarabar intanet ta faro ne da raha. A 1995 wani likitan ƙwaƙwalwa a New York, Ivan Goldberg, ya ƙirƙiro "cutar jarabar intanet" don ya zolayi abokan aikinsa, sai ga saƙonni suna ta shigo masa daga mutanen da ke cewa ai su ya siffanta. A 1996 wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Kimberly Young, ta kai bincike na gaske gaban ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka.

A lokacin mu nan ko wayar hannu ba mu da ita. Sai a 2001 Econet da MTN suka fara aiki a Najeriya, layi kuma ya fi ƙarfin talaka. Bayan 'yan shekaru aka shigo da kiran dare kyauta, kuma a ganina daga nan barcin matasanmu ya fara samun matsala. Duk wanda ya zauna a ɗakin kwanan ɗalibai a wancan zamani ya san yadda ake yi: sha biyun dare ta wuce, kowa ya nemi lungunsa, waya a kunne, ana ƙus-ƙus har kusan kiran assalatu. Daga baya 2go ta zo, BlackBerry ta zo, sannan Tecno da Itel suka sa wayar shafa a hannun ɗan sakandare. Garabasar data ta dare ta gaji kiran dare.

Ƙasashen Asiya ne suka fara ɗaukar abin da zafi, su ma daren suka fara karewa. Koriya ta Kudu ta yi doka a 2011 da ta rufe wa 'yan ƙasa da shekara 16 wasannin intanet daga sha biyun dare zuwa shida na safe. Yara suka riƙa shiga da sunan iyayensu, a 2021 aka soke dokar. A shekarar ce Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da 18 wasannin zuwa awa uku a mako. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasannin bidiyo cikin kundinta na cututtuka a 2019, amma ba ta sa jarabar waya ba.

Dalili kuwa, kan masana bai haɗu ba. Jean Twenge, wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, ta nuna a 2017 cewa baƙin ciki da kaɗaici sun fara hauhawa tsakanin matasan Amurka tun wajen 2012, daidai lokacin da wayar shafa ta game gari. Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford suka bi alƙaluman matasa fiye da dubu 350 a 2019, suka ce alaƙar tana nan amma ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ba ta wuce kashi 0.4 cikin ɗari na bambancin walwalar yara ba. Har yanzu ana jayayya kan wanne ya riga: wayar ce ke jawo damuwa, ko mai damuwa ne ke fakewa a waya?

Abin da ya sauya akalar muhawarar daga cikin kamfanonin kansu ya fito. A 2021 Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar da takardun sirri da suka nuna kamfanin ya san cewa kashi 32 cikin ɗari na 'yan matan da ya tambaya sun ce idan suna jin ƙyamar surar jikinsu, Instagram, mallakin kamfanin, na ƙara musu. Aza Raskin, wanda ya ƙirƙiro shafin da ba ya ƙarewa komai jan da ka yi masa, shi ma ya fito ya nuna nadama. Ashe ba raunin zuciyar yaro kaɗai ba ne, da gangan aka gina abin don ya riƙe ido. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya yi gargaɗi cewa matashin da ke wuce awa uku kullum a kafafen sada zumunta, haɗarin alamun baƙin ciki da fargaba yana ninkuwa a kansa. Faransa ta riga ta hana waya a firamare da ƙaramar sakandare tun 2018.

A wajenmu, kullen korona na 2020 da yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 sun bar ɗalibai a gida, ba aji, ba sana'a, sai waya. A lokacin na ga abin da idona. 'Yar yayata ta zo mana hutu, na fito shan ruwa wajen ƙarfe uku na dare, sai na ga haske yana ratso bargonta. Na ce, "Ke, ba ki yi barci ba?" Ta ce, "Kawu, wallahi ina so, idan na ajiye ta sai gabana ya riƙa faɗuwa." Da rana ba ta cin abinci sosai, magana kaɗan sai kuka. Uwarta ta ɗauka saurayi ne, kakarta ta ce a nemo tofi.

Abin da ke damuna ke nan da yadda muke tattauna batun. Kusan duk surutunmu a kan tarbiyya yake: wa ta yi rawa a TikTok, wa Hisba ta kama. Wannan yana da muhallinsa, amma yarinyar da ba ta taɓa ɗora bidiyo ba, wadda ke kwana tana auna fuskarta da ta wasu, ba wanda ke maganarta. Sai a Janairun 2023 Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, likitocin fannin kuma 'yan ɗaruruwa ne a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200.

A gidanmu abin da muka iya shi ne, ƙarfe goman dare kowa ya kawo wayarsa falo a jona ta a caji, har da tawa da ta uwargida. Makon farko yarinyar ba ta yi mini magana ba. A mako na uku ita ke riga mu tashi sallar asuba.