Shuka Gora a Gida da Lambu a Ƙasar Katsina: Tambayoyi da Amsoshi

A 'yan shekarun nan masu sayar da furanni a bakin titi sun fara kawo dashen gora cikin leda, mutane kuma suna saye saboda sun ga hotunanta a waya tana yi wa gidaje ado. Da yawa daga cikin waɗannan dashe ba sa ganin damina ta biyu, kuma abin yana damuna, domin gora ba shuka ce mai wuya ba, rashin sanin halinta ne yake kashe ta. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mini tun da na fara renonta a tsakar gida.

Gora bishiya ce, kuma ita ce gwangwala?

Duk da tsawonta da ƙarfin karanta, gora ciyawa ce, danginta ɗaya da gero da dawa da rake, wanda kuwa ya dubi gaɓoɓinta da ganyenta zai ga kamannin. Ire-irenta a duniya sun haura 1,400, mafi yawansu a nahiyar Asiya. Gwangwala kuwa ba gora ba ce, reshen tukurwa ce, wato wata bishiya mai kama da kwakwa da ke fitowa a wurare masu dausayi. Haka nan ɗan tsiron nan da ake sakawa a kwalbar ruwa a ɗora bisa teburin ofis ana kiransa gorar sa'a, sunan kawai ya ara. Sunansa na kimiyya Dracaena sanderiana, asalinsa kurmin tsakiyar Afirka, kuma ranar Katsina tana ƙona shi cikin kwanaki kaɗan idan aka fitar da shi waje.

Da gaske ne gora tana iya cinye gida ta fasa katanga?

Amsar ta dogara da irin da aka shuka. Kowace gora tana da kara a ƙarƙashin ƙasa mai kama da citta, daga jikinsa ne sababbin tsirrai suke fitowa, kuma a nan ne ire-iren suka rabu gida biyu. Manomi ya san bambancin gamba da tofa: gamba tana tsayawa inda take ta yi dunƙule, tofa kuwa tana bin ƙarƙashin ƙasa ta ɓullo inda ba a zata ba. Haka gora take. Mai halin gamba tana ƙara faɗi kaɗan-kaɗan kowace shekara, ana ganin inda ta dosa. Mai halin tofa, musamman dangin Phyllostachys na ƙasashen Sin da Japan, tana iya tafiyar mita da yawa a ɓoye ta fito a gidan maƙwabci, ita ce kuma take haddasa rigima tsakanin maƙwabta a Ingila da Amurka, har sai an binne mata shinge mai zurfin santimita 60 ko fiye.

Abin farin ciki shi ne, ire-iren da suka dace da ƙasa mai zafi kamar tamu masu yin dunƙule ne. Duk da haka, dunƙulen babbar gora yana da ƙarfi, don haka kada a dasa ta a jikin katanga ko kusa da bututun ruwa da ramin bayan gida. A bar mata aƙalla mita biyu, a kuma tuna cewa hakkin maƙwabci ya haɗa da ganyen da iska za ta riƙa zubar masa a tsakar gida.

To wace iri ce za ta rayu a Katsina ko Daura?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma amsarta tana farawa daga ruwa. Ruwan saman da ke sauka a birnin Katsina a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba, sauran watannin kuwa hunturu ne mai busar da fata sannan bazara mai zafin da ke kaiwa digiri 40. Daura ba ta fi haka laima ba. Kudancin jiha, wajen Funtua, ya fi samun ruwa da ƙasa mai nauyi, saboda haka abin da ya yi kyau a can ba lallai ne ya yi a nan ba.

Wadda na fi amincewa da ita ita ce gorarmu ta gida, wadda masana ke kira Oxytenanthera abyssinica. 'Yar asalin Afirka ce, tana fitowa da kanta a dazuzzuka tun daga Senegal har Habasha, ita ce kuma kakanninmu suka sani suka yi sanda da ita, domin karanta kusan a cike yake, ba shi da babban rami a ciki. Ta saba da rani mai tsawo: idan fari ya matsa takan zubar da ganye ta yi kamar ta mutu, da ruwa ya sauka sai ta sake tohowa. Ba ta kai wasu ƙyalli ba, amma ta san ƙasar.

Wadda aka fi sayarwa ita ce Bambusa vulgaris, wato gorar da ake lodowa daga kudancin Najeriya a manyan motoci, magina su tokare katako da ita lokacin zuba rufin kankare. Tana da launi iri biyu, kore da kuma rawaya mai ratsin kore, rawayar ce take jan idon masu saye. Tana kamawa da sauƙi, amma 'yar ƙasar ruwa ce, tana iya haura mita goma, kuma a nan ba za ta yi ba sai a fadama ko a gidan da ke da rijiyar burtsatse. Ga ƙaramin gida kuwa, Bambusa multiplex ta fi dacewa, domin siririya ce, ba ta yin tsawo sosai, ana kuma iya aske ta ta zama shinge. Akwai wata mai suna Fargesia da ake yabawa a intanet a matsayin gorar tukunya. Wannan ta tsaunukan Sin ce masu sanyi, zafinmu yana kashe ta, kada a ɓata kuɗi a kanta.

Shawarata ga mai saye ita ce ya fara ƙidaya bokitin ruwan da zai iya ba ta kullum a watan Afrilu, lokacin da rijiyoyi suka ja baya, kafin ya dubi launin karanta.

Yaya ake gane dashe mai kyau, kuma yaushe ake dasawa?

Kada a duba tsawo, a duba gindi. Dashe nagari yana da guntun karan ƙasa mai ido a jiki da saiwoyi farare masu rai, kuma ya fi kyau a ga ƙaramin toho ya fara leƙowa. Wasu masu sayarwa sukan yanko kara su cusa a leda, ganyen da ke jiki yana nan kore na ɗan lokaci alhali babu saiwa ko ɗaya, saboda haka a ɗan ja karan a hankali, idan ya taso ba tare da turjiya ba a bar shi. Gorar kudu tana kamawa daga yankan kara mai gaɓa biyu idan aka kwantar da shi a ƙasa mai laima kamar yadda ake yi wa rake, ta gida kuwa ta fi kamawa idan aka raba ta daga gindin uwa tare da karan ƙasa.

Lokacin dashe shi ne bayan damina ta zauna, daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli. A haƙa rami mai faɗi da zurfin kamar rabin mita, a gauraya ƙasar da takin shanu wanda ya ruɓe sosai, domin jigawarmu ba ta riƙe ruwa. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa yana kuma kiran gara. A kewaye dashen da ƙaya ko waya tun ranar farko, saboda akuya tana son ganyen gora ƙwarai.

Za ta yi a tukunya ko a rabin duro?

Za ta yi, amma a nan ne aka fi yin asara, ni ma da haka na fara. Na sa dashena na farko a baƙin bokitin roba na ajiye bisa siminti a wurin da rana ke dukansa tun daga hantsi. Wata rana a bazara na dawo gida bayan azahar na tarar kowane ganye ya naɗe kansa ya zama siriri kamar tsinke, da na taɓa bokitin sai na janye hannu saboda zafi. Ina ba ta ruwa safe da yamma, amma saiwar dahuwa take yi a ciki. Da na mayar da ita tsohuwar randa na kai ta gabashin ɗaki, inda take samun ranar safe inuwa kuma ta rufe ta da azahar, sai ta farfaɗo cikin makonni.

Saboda haka mazubi ya zama babba, mai faɗin aƙalla rabin mita, randar ƙasa ko rabin duro da aka shafa wa farin fenti. A huda gindinsa da kyau, domin gora tana son laima amma idan ruwa ya kwanta mata karan ƙasan yana ruɓewa. Bakin mazubin kada ya fi cikinsa ƙanƙanta sosai, in ba haka ba sai an fasa shi ranar da za a fitar da ita, ranar kuwa tana zuwa: bayan shekara biyu ko uku saiwa takan cika wurin, ruwa ya riƙa wucewa ba ya tsayawa. A lokacin sai a fito da ita a farkon damina, a raba dunƙulen biyu da adda, a sake dasa rabi da sabuwar ƙasa. Gorar tukunya ba ta kai tsawon ta ƙasa, kuma iskar farkon damina tana kifar da ita idan mazubin ba shi da nauyi.

Ruwan alwala yana isar tukunya ɗaya ko biyu idan ana tara shi. Ruwan wanki mai omo ko bilic kuwa kada a zuba mata.

Me ya sa tawa ta shekara ba ta ƙara kauri ba?

Domin karan gora ba ya yin ƙiba bayan ya fito. Da kaurin da ya fasa ƙasa da shi zai rayu, tsawonsa kuma yana kammala shi cikin watanni biyu zuwa huɗu. Abin da ke girma a shekarun farko shi ne karan ƙasa, kowace damina sai ya turo tsirrai da suka fi na bara kauri, har dunƙulen ya kai ƙarfinsa bayan shekara huɗu ko biyar. A watan Agusta na taɓa kafa tsinke kusa da wani toho mai tsini, lulluɓe da ɓawo mai ƙaiƙayi, washegari da safe na tarar ya wuce tsinken. An auna wasu ire-iren a ƙasashen waje suna ƙara santimita 91 a yini ɗaya, tamu dai ba ta kai haka ba. Tunda ciyawa ce, takin da ke sa masara kore shi ne nata: takin gargajiya a farkon damina, da ɗan yuriya kaɗan idan ganye ya yi fari.

Ba ta tara macizai?

Gora ba ta kiran maciji, duhu da tarin shara da ɓeraye ne suke kiransa. A riƙa sare matattun karare, a aske rassan ƙasa har zuwa tsawon ƙugu don a riƙa ganin gindin, a bar ganyen da ya zuba ya zama shimfiɗa marar kauri mai tsare laima, sauran a kwashe.

Yaushe ake sara don amfani?

Sai kara ya shekara uku zuwa biyar yake ƙosawa, ana gane shi da dusashewar launi da faɗuwar ɓawon gaɓoɓinsa. A sare shi da rani, a daidai saman gaɓa ta farko ko ta biyu don kada ruwa ya taru a kututturen, kuma kada a taɓa na bana da na bara, su ne ke ciyar da tsirrai masu zuwa. Ƙwaron da ke huda gora yana mayar da ita gari, zaƙin da ke cikinta yake bi, shi ya sa ake jiƙa ta a ruwa na wasu makonni sannan a shanya a inuwa kafin a yi rumfa ko tsani ko darni da ita.