Marsandi ko BMW tokumbo: me ake kashewa bayan an saya?

Ana yawan tambayata a kan manyan motocin nan da ake saye tokumbo a Abuja, to ga amsar tambayoyin da suka fi zuwa.

Me ya sa wani lokaci tsohuwar Marsandi E-Class take kusan kuɗi ɗaya da Camry?

Saboda kuɗin motar ne ya faɗi, kuɗin kayanta na nan inda yake. Mota ta yi shekara 15 amma famfon ruwanta da sensa ɗinta har yanzu farashin babbar mota ne, kuma daga waje ake kawo su, tun da aka saki naira a 2023 duk sanda dala ta motsa sai ka ji a jikinka a kasuwannin safaya na Apo da Zuba. Ko sabis kaɗai ma, injin V6 na E350 yana shan kusan lita 8 na baƙin mai, kuma mai tsadan yake so, Camry mai silinda huɗu kuwa wajen lita 4 da rabi ta ishe ta.

Me ya fi lalacewa a jikinsu?

Galibi ba injin ne ke fara ba ka ciwon kai ba, abubuwan da ke kewaye da shi ne. Marsandi S-Class samfurin W221 a kan robar iska take zaune, tsarin da ake kira Airmatic, robar na tsufa sai ta fara yoyo, ka fito da safe ka tarar mota ta durƙusa ta gefe ɗaya, in ka ci gaba da hawa haka kwamfiresan da ke hura mata iska ya yi ta aiki ba hutu har ya ƙone, gyara ɗaya ya zama biyu. Marsandi C300 samfurin W204 kuma an san ta da makullin sitiyari, ka saka ki ka murɗa ka ji shiru, ga batir lafiya lau. BMW ita matsalarta ruwan lagireto da yoyon baƙin mai, kayan ruwan da yawa roba ne, famfon ruwan da yawansu na lantarki ne kuma yakan mutu ba sallama, zafi ɗaya ya isa ya lanƙwasa tof silinda.

Amma abin da ya fi damuna wallahi hannun bakanike ne. Mota ta ɗan yi zafi sai a cire tamostat, a haɗa fanka dairek, a ɗura ruwan famfo a lagireto, a ce ai ƙasarmu da zafi. Waɗannan motocin kwamfuta ce ke lissafa musu komai, ka yi mata haka ta ƙara shan mai, ciki ya yi tsatsa, bayan wata shida a ce Marsandi ba ta da kyau.

Lexus fa?

ES350 injinta ɗaya da Camry V6, duk mai gyaran Toyota ya san ta, safaya kuma ko'ina. In mota ɗaya gare ka ita zan ce ka ɗauka.

Me zan duba kafin in biya?

Karɓi lambar VIN, wato lambar shaidar motar, ka ciro tarihinta a shafin intanet na Carfax, don da yawa daga gwanjon Amurka suke, wasu hatsari, wasu ambaliya ta ci su. Ta ambaliya kar ka taɓa ko a rabin kuɗi, wayarin ɗinta ba ya gyaruwa. Ɗaga kafet ka shinshina, leƙa ƙarfen ƙarƙashin kujera ko da tsatsa. Kar ka yarda da mileji, ana juya shi. Ka zo da bakanikenka ba na dillali ba, a sa mata kwamfuta, a tada ta da safe injin na sanyi, sannan ka tabbatar da takardun kwastan.

To in saya ko in haƙura?

In kuɗin motar ne kaɗai a hannunka, Alhaji, ka haƙura tukuna. In kuwa bayan ka biya akwai wanda ka ware daban don gyara, kuma ka riga ka samu mai gyaran da ya ƙware a kanta, saya, ranar farko ka canja baƙin mai da man giya da ruwan lagireto ko da dillali ya rantse an yi sabis.